Afuwa da Shaidar Likita a Shari'ar Kisan Kai

Sashe na 72 na kundin tsarin mulkin Ghana na 1992 ya ba shugaban ƙasa ikon yafe wa wanda kotu ta ɗaure, ko sassauta masa hukunci, bayan ya shawarci Majalisar Ƙasa. Wannan ƙofa ce fursuna ke ƙwanƙwasawa idan hanyoyin ɗaukaka ƙara sun ƙare, sannan ilimin likita ya zo da abin da alƙali bai gani ba. Sai dai afuwa daban, wankewa daban: ta farko tana buɗe kurkuku, amma laifin yana nan a rubuce.

Shari'ar Kathleen Folbigg a Ostireliya ta fito da wannan bambanci fili. A 2003 aka ɗaure ta kan mutuwar 'ya'yanta huɗu, bisa dogaro da rubuce-rubucen da take yi a littafinta na sirri. Daga baya masana ƙwayoyin gado suka gano cewa 'ya'yanta mata biyu sun gaji wata tawaya a ƙwayar CALM2, wadda kan iya tsayar da zuciya farat ɗaya. A 2021 masana 90 suka sa hannu a takardar neman a yafe mata. An yafe mata aka sake ta a Yunin 2023, amma sai a Disamba kotu ta soke hukuncin.

Abin da ya cece ta shi ne samfuran jikin yaran da aka adana shekara da shekaru. Nan ne lamarin ke da wuya a Ghana, a unguwa irin Moshi Zongo a Tamale, inda wanda ya rasu da hantsi kan kwanta a makwancinsa kafin la'asar. Dokar binciken gawa ta 1960 ta tanadi a bincika duk mutuwar da ake tuhuma, ga kuma Asibitin Koyarwa na Tamale kusa, amma dangi sukan ƙyamaci a yanka musu mamaci. Hujjar da za ta wanke wani nan gaba sai ta bi likkafani.

Wannan ƙyama ba ta rasa dalili, sai dai fiƙihun da ake karantarwa a zaurukan zango shi kansa yana kawar da haddi idan shubuha ta shigo. A Yulin 2023 majalisar dokokin Ghana ta musanya hukuncin kisa da ɗaurin rai da rai ga mai kisan kai, don haka yanzu fursuna zai iya rayuwa har sabuwar hujja ta iske shi, in an adana abin da za a gwada.