Kan Mota Daga Ingila, Bodi Daga Kano

Motar hayar da ta ɗauki kakanninmu ba a kammale take isowa garin nan ba. Kai ne da inji da shasi tsirara, bayanta ba komai sai tayoyi. Bature ya ƙera abin da ke jan kaya, amma wurin da mutum zai zauna, da inda za a jibga buhu, da tsanin da yaron mota zai maƙale, duk aikin kafintocinmu ne. Shi ya sa nake ganin duk wanda ya ce tsohuwar Bedford ko Austin kayan Turawa ce, bai gama faɗin gaskiya ba.

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, shekara na zagayowa gyaɗa ta zama kuɗi. Sai dai dogo bai bi ta Gwarzo ko Ɗanbatta ko Gaya ba. Jakuna da raƙuma suka fara jigilar, daga baya mota ta karɓe su. Attajirai suka gane cewa motar da ta kawo gyaɗa dala ba dole ta koma fanko ba, sai aka shiga jera bencina a bayanta. Ranar kasuwa a jera, ranar lodi a cire. Daga nan bas ɗinmu ta samo asali: katako ne da kusoshi da ƙarfen ɗauri, sama a rufa da tamfol ko kwano. A ƙarshen shekarun 1940, 'yan kasuwar Kano irin su Alhaji Haruna Kassim da Alhaji Ibrahim Musa Gashash suka kafa ƙungiyar jigilar alhazai ta WAPA. Hanyar kuwa ta Maiduguri ce, a ratsa Chadi, a shiga Sudan, har bakin Bahar Maliya. Mutum ya auna irin wujijjigar da bodin katako ke sha a wannan tafiya, sannan ya auna hannun da ya haɗa shi.

Akwai irin wannan mota a bayan gidan kawuna a Nassarawa, ƙarƙashin darbejiya, inda ta shekara da shekaru a kan duwatsu. Unguwar da ma ta dace da ajiyar tsofaffin abubuwa. Turawan mulki ne suka shata ta bayan sun ci Kano a 1903, suka bar wa kowane gida fili mai yalwa, kuma a nan Baturen da ake kira Ɗan Hausa ya buɗe makarantarsa a 1909. A cikin birni ina za a sami lungun da gingimari za ta kwana shekaru ba a ce ta tare hanya ba? Da kawu ya rasu, 'yan gwangwan suka zo taya ta da kilo. Muka ce a'a, muka kama gyara.

Kan motar muka fara dubawa, kuma shi ne ya faɗa mana shekarunta kafin mu nemo takarda. Sitiyarinta a dama yake. Nijeriya ta bar tuƙi ta hannun hagu ranar 2 ga Afrilu, 1972, don ta yi daidai da maƙwabtanta irin su Nijar. Wannan sauyi ya ba masu gareji aiki ba kaɗan ba, musamman a bas, domin ƙofar fasinja da ke hagu ta koma tana buɗewa a tsakiyar titi. Wasu aka toshe tsohuwar ƙofa aka yanka sabuwa. Tamu ba a taɓa sitiyarinta ba, kuma na hana a taɓa.

Ƙarfen bai ba mu wahalar da na zata ba. Kano ba Legas ba ce, iskarmu busasshiya ce, tsatsa ba ta samun yadda take so. Inda ta ci shi ne inda ruwan damina ya kwanta: ƙasan ƙofofi, gindin gilashin gaba, da dandamalin da direba ke taka ƙafa. Fanel bita ya yanke ruɓaɓɓen wuri, ya yanko sabon falanki, ya bubbuga shi da guduma har ya ɗauki lanƙwasar asali, mai walda ya liƙe. Na roƙe shi kada ya cika wa jikin fila don ya yi sumul. Fila tana ɓoye aibi na ɗan lokaci, zafin bazara ya zo ya tsattsage ta.

Abin da rana ta bari, ɓera ya ƙarasa. Wayoyin motar sun bushe, kana taɓa su rigarsu na marmashewa. Nan muka ɗauko wani dattijon rewaya da ya koyi aiki tun ana kashe fam da sule. Da ya ga yaronsa ya nufo batir zai ɗaura, sai ya daka masa tsawa.

"Tsaya tukuna! Ka duba wane kai ne aka ɗaure a jikin shasi?"

Na ce, "Baba, ai ba baƙin kan ake ɗaurewa ba?"

Ya ce, "A motarku ta yau ke nan, ɗana. Na Ingila na da, da yawa jan kan ne ke zuwa jiki. Ka juya shi, ka ƙona abin da ba ka da inda za ka samo."

Sannan ya bi wayoyin yana karanta launinsu. Ruwan ƙasa daga batir take, fara ta makunni ce, shuɗiya ta manyan fitilu, ja ta ƙanana, baƙa ta jiki. Tsarin masu ƙera motocin Ingila ne, shi kuwa bai taɓa ganin sa a littafi ba, a gindin maigidansa ya haddace. Bai yarda a yi faci ba. Ya zare tsohuwar waya gaba ɗaya, ya shimfiɗa ta a kan allo, ya saƙa sabuwa a gefenta reshe bayan reshe. Dainamo ɗin ma ya ce a bar shi, a sake masa naɗi da gawayi.

Bodin ne ya tayar mini da hankali. Gara ta cinye shi, kana danna yatsa yana shigewa. Kafintan kujera da gado suna ko'ina, amma wanda ya san yadda ake ɗora bodi a shasi daban ne. Shasin babbar mota yana murɗawa idan ta faɗa rami, don haka idan ka ƙulle katako tamau sai ya tsage. Ana shimfiɗa dogayen katakai biyu a kan ƙarfen, a ɗaure da ƙugiyoyi, a gitta wasu a kai, a bar wa jikin ɗan wurin motsi. Itacen ma ba kowanne ba ne, sai loko ko maɗaci wanda ya bushe sosai. Bayan haka mai fenti kan zo da zakinsa da mikiyarsa, ya rubuta "Allah Ya kiyaye hanya" a goshi.

Yadda sana'ar ta ja baya ba ɓoyayye ba ne. Kuɗin fetur na shekarun 1970 ya kawo masana'antun harhaɗa motoci: Peugeot a Kaduna, Steyr a Bauchi, ANAMMCO a Enugu, NTM a nan Kano. Ƙananan bas na Japan suka shigo da jikinsu na ƙarfe a kammale, suka mamaye Bata da 'Yankura. Da Naira ta karye bayan 1986, sai tsofaffin motocin Turai suka cika tasha. Masu bodin katako suka koma kan motocin shanu da hatsi, yaransu da yawa suka bi walda. Yanzu kuwa garejin da ka leƙa, A Daidaita Sahu ce a kwance.

Ina jin ciwon yadda muke adana takobi da sirdi, muna barin motar da ta kai kakanninmu aikin hajji ana yanka ta da wuta. Harabar gidan tarihi na Gidan Ɗan Hausa za ta ɗauki guda ɗaya, da bodinta da rubutunta, a ajiye sunan wanda ya ƙera a gefe. Tamu dai an gama kai da waya. Kafintan da muka samu ya haura saba'in, ya ce ba zai buga kusa ba sai katakon ya sha hunturu guda a inuwa, ni kuma ina ta sintiri Ƙofar Ruwa neman gilashin gaba da robarsa.