Jumbon alhazai: daga ina ya zo, me ya kawo shi Kano?

1/ Ina cikin mutanen nan da ba sa jin ƙarar jirgi ba su ɗaga kai ba. Lokacin jigilar alhazai kuwa nan ne kakarmu, don a nan ake ganin Boeing 747 na Max Air, mai tozo a ka da injina huɗu. Ku biyo ni, wannan jirgi yana da tarihi 🧵

2/ Ya fara tashi ne ranar 9 ga Fabrairu, 1969. Kamfanin Pan Am na Amurka ne ya nemi Boeing ya ƙera masa babban jirgi, kuma shi ya fara ɗaukar fasinja da shi daga New York zuwa Landan a Janairun 1970.

3/ Tozon nan ba ado ba ne fa. A lokacin an ɗauka jirage masu gudun da ya wuce sauti, irin Concorde, za su kwashe fasinjoji, 747 ya koma ɗaukar kaya. Shi ya sa aka ɗaga ɗakin matuƙa sama, don a iya buɗe hancin jirgin a zura kaya ta gaba. Sai ga shi Concorde ya yi ritaya tun 2003, jumbo kuma yana nan yana kai mutane Saudiyya.

4/ To ya aka yi ya zama jirgin alhazai? Injina huɗu akwai shan mai. Da aka samu masu injina biyu irin 777 da ke iya tafiya mai nisa, manyan kamfanoni suka fara rabuwa da jumbo. Japan Airlines ya ajiye nasa a 2011, British Airways da KLM a 2020.

5/ Aikin Hajji kuma lissafinsa daban ne. Dubban mutane ake so a kwashe cikin 'yan makonni, daga nan aiki ya lafa. Sabon jirgi mai tsada dole ya yi ta tashi kullum kafin ya biya kuɗinsa. Tsohon jumbo da aka saya da sauƙi, mai cin sama da mutum 400, zai iya zama ya jira kakarsa. Kabo Air na marigayi Ɗan Kabo ya bi wannan hanya, daga baya Max Air na Alhaji Ɗahiru Mangal ya biyo.

6/ Ga abin da ya fi burge ni. A da, Boeing yana ba kowane mai saye lambarsa, kuma tana bin jirgin ko an sayar da shi. 46 ta Japan Airlines ce. Don haka 747-346 da Max Air ya yi aiki da su, asalinsu na Japan ne. Wato kujerar da kakarka ta zauna a kai zuwa Jidda, wataƙila jirgin ya shekara da shekaru yana sauka a Tokyo.

7/ In za ku leƙa, dubi bakin fiffike: in ya lanƙwasa sama, 747-400 ne, matuƙa biyu. Na 300 ba shi da wannan, kuma sai da injiniya na uku a gaba. Lambar jiki in ta fara da 5N rajistar Najeriya ce, 5U ta Nijar.

8/ Boeing ya miƙa 747 na ƙarshe a Janairun 2023, bayan ya ƙera 1,574. Masu ɗaukar fasinja da shi yanzu kaɗan ne, irin su Lufthansa da Korean Air. In kun gan shi a filin jirgin Malam Aminu Kano ku ɗau hoto, amma daga inda aka yarda, kar jami'an tsaro su karɓe muku waya 😅