Baƙin man da ya dace da injin gas na jirgin ruwa

'Yan uwa masu sana'ar jirgin ruwa a Legas da Fatakwal, wannan bayanin naku ne, haka ma namu na nan Gombe da ke aiki a dam ɗin Dadin Kowa. Shawarata ɗaya ce: kafin ka tambayi kuɗin galan, karanta abin da ke jikinsa.

Fara da neman alamar API. In harafin C ne a gaba, kamar CH-4 ko CI-4, na injin gas ne. In S ne kaɗai, na motar fetur ne, ba zai iya da baƙin hayaƙin gas ba.

Sai kauri. A zafi irin na Gombe, inda Maris da Afrilu kan kai digiri 40, ni 15W-40 nake ba da shawara, sai dai in littafin injin ya faɗi wani. Mai ruwa-ruwa yakan tsinke in inji ya ɗau zafi, ƙarfe ya riƙa cin ƙarfe.

Kar ka haɗa shi da TC-W3. Wancan na ƙaramin injin fetur ne da ake rataya wa kwale-kwale, wanda ake gauraya masa mai da fetur.

Yawancin injuna na son juye bayan awa 250, tare da sabon filta. In ka ga man ya koma kamar madara, ruwa ya shiga, kashe inji a kira makanike. Kuma ka guji man da ake aunawa a kwalba, sayi mai hatimi. Inji in ya tsaya a tsakiyar ruwa, ba gefen titi ba ne da za a tura.