Yuriya, Amoniya da Tumbin Masu Wankin Ƙoda

A shekarar 1859, wani likita masanin cututtuka a birnin Prague, Václav Treitz, ya wallafa abin da ya gani a gawarwakin mutanen da ƙodarsu ta gaza: hanjinsu ya kumbura, ya yi gyambo. Ya ɗora laifin a kan yuriya, wato dattin jinin da ƙoda ke fitarwa ta fitsari. A ganinsa, idan ƙoda ta tsaya, yuriya kan malala cikin hanji ta rikiɗe ta zama amoniya, ita kuma ta ci naman wurin.

Bayanin bai amfani majinyatan zamaninsa ba, domin wanda ƙodarsa ta mutu ba ya daɗewa a duniya. Sai a 1945 Willem Kolff ya ceci ran wata mata a garin Kampen na ƙasar Holan da na'urar wankin ƙoda da ya ƙera. A 1960 kuma Belding Scribner, a birnin Seattle na Amurka, ya samar da bututun da ake dasawa a hannu, har ya yiwu a riƙa wanke jinin mutum sau da yawa tsawon shekaru. Da rai ya yi tsawo, sai koken ciki ya fito fili: tashin zuciya, amai, ƙin abinci, da zubar jini daga tumbi. Wankin kansa na ƙara haɗarin, saboda ana zuba heparin, maganin da ke hana jini daskarewa a cikin na'ura.

A lokacin, likitoci sun yi ittifaƙi cewa ruwan tsamin tumbi da damuwa ne ke haddasa gyambon ciki, kuma babu ƙwayar cutar da za ta rayu a cikin wannan tsami. Robin Warren da Barry Marshall na Asibitin Royal Perth da ke Ostareliya suka rushe wannan ra'ayi. A 1982 suka yi nasarar renon ƙwayar da daga baya aka raɗa wa suna Helicobacter pylori. A 1984 Marshall ya kwankwaɗi ruwan da ke ɗauke da ita, tumbinsa ya kumbura cikin 'yan kwanaki. An ba su kyautar Nobel a 2005.

Dabarar ƙwayar ita ce ta dawo da batun Treitz. Tana farfasa yuriyar da ta tarar a tumbi ta mayar da ita amoniya, ta lulluɓe kanta da ita don kashe kaifin tsamin. Tun da yuriya ta yi yawa a tumbin masu wankin ƙoda, sai aka zaci ƙwayar za ta fi samun wurin zama a jikinsu.

Bincike ya zo da akasin haka. Nazarce-nazarce da dama, musamman na Jafan, sun nuna cewa masu wankin ƙoda ba su kai sauran jama'a ɗauke da ita ba, kuma adadin na raguwa gwargwadon shekarun da aka yi ana wankin. Daga cikin dalilan da masana suka kawo akwai yawan shan magungunan kashe ƙwayoyin cuta da na rage tsami, da kuma sauyin da bangon tumbin ke yi.

Amma ƙarancin ƙwayar bai rage nauyinta ba. Gyambon da mai lafiyar ƙoda zai jure na iya zame wa mai wanki zubar jini mai kisa. Maganinta ma sai da lissafi: ana daidaita yawansa da ƙarfin ƙodar, ana kuma kauce wa mai ɗauke da sinadarin bismuth, domin yana taruwa a jiki. Shi ya sa ciwon ciki ko baƙin bayan gida a wurin mai wankin ƙoda ke buƙatar gwaji da wuri, ba a bar shi a matsayin wahalar wanki kawai ba.