Sunan Kanti a Gaba, Lambar Maƙeri a Baya

A jikin kowane injin wanki na Kenmore akwai wata 'yar takarda da aka manna, wani lokaci a baya, wani lokaci a bakin murfi daga ciki, mai ɗauke da jerin lambobi. Matar gida ba ta damu da ita ba, amma ita mai gyara yake fara dubawa in an kira shi. Lambobi ukun farko su ne ke gaya masa wanda ya ƙera injin. In ya ga 110, aikin kamfanin Whirlpool ne. In firji ne aka rubuta 253, daga Frigidaire ya fito, in kuwa 795 ne, na LG ne ta Koriya ta Kudu. Kenmore ɗin da aka rubuta ɓaro-ɓaro a gaba ba sunan masana'anta ba ne. Suna ne da kantin Sears na Amurka ya mallaka, yake liƙa wa kayan da wasu suka ƙera masa.

Abin ya samo asali ne tun daga mafarin kantin. A 1886 Richard Sears yana ma'aikacin tashar jirgin ƙasa a jihar Minnesota, sai aka aiko wa wani mai shago agogunan da ya ƙi karɓa. Sears ya saye su, ya sayar wa abokan aikinsa na sauran tashoshi, ya ci riba. Da cinikin ya kankama sai ya ɗauki Alvah Roebuck aiki, shi kuwa gyaran agogo ne sana'arsa. Ga mai iya talla, ga mai gyara abin da ya lalace. A ganina duk tarihin da ya biyo baya yana cikin haɗuwar mutanen nan biyu.

Abokan cinikinsu manoma ne na karkara, masu zaɓen kaya a littafin talla su aika kuɗi ta gidan waya. Mutum bai taɓa kayan da hannunsa ba, bai san garin da aka yi su ba, abin da ya riƙe kawai shi ne alkawarin kanti na mayar masa da kuɗinsa in bai gamsu ba. Alkawari irin wannan yana iya karya ɗan kasuwa in kayansa na banza ne, shi ya sa a 1911 Sears ya buɗe ɗakin gwaje-gwaje nasa na kansa, inda ake jarraba kaya kafin su shiga littafin. A 1913 sunan Kenmore ya fara bayyana a kan keken ɗinki. A 1916 kantin ya fara sarin injin wanki daga wani ƙaramin kamfani na Michigan mai suna Upton, wanda daga baya ya zama Whirlpool. A 1927 aka sa wa injin wankin sunan Kenmore, kuma a shekarar ce Sears ya sayi sunan Craftsman a kan dala 500 don ya riƙa buga shi a kan sifana da guduma da sauran kayan aiki.

Me zai sa mai masana'anta ya yarda a binne sunansa? Oda ce mai yawa, wadda ba ta yankewa. Ba ya kashe ko sisi a talla, ba ya bin 'yan sari bashi gari-gari, injinansa ba sa kwana a kashe. A zamanin Janar Robert Wood, wanda ya karɓi shugabancin Sears a 1928, kantin ne ke tsara yadda yake son kayan, ya san abin da ake kashewa wajen yin su, a yi yarjejeniya a kan ribar da za a ɗora. Wani lokaci har hannun jari yake saya a masana'antar. Sai dai wanda rabin kayansa ke tafiya wurin mutum ɗaya ya zama yaron gidansa, ranar da aka ce a rage farashi ba shi da bakin musu.

Rigimar farko a kan taya aka yi ta. Tun 1926 Goodyear ke yi wa Sears tayoyi da sunan Allstate, a farashin da ya yi ƙasa sosai da wanda yake ba wa dillalansa. Dillalan suka ga masana'antar da suke yi wa talla ita ke ciyar da mai kashe musu kasuwa, suka yi ta kuka. Hukumar kula da ciniki ta tarayya ta shiga maganar, a 1936 kuma majalisa ta yi dokar Robinson-Patman, wadda ta hana fifita babban mai saye a farashi ba tare da hujja ba. Goodyear ya janye. Sears ya koma wurin ƙananan kamfanonin taya, sunan Allstate yana nan daram, mai mota ma bai san an sauya maƙeri ba.

Abin da ya fi burge ni a wancan zamani shi ne garantin Craftsman. Sifanarka ta karye, ko bayan shekara ashirin, ka shiga kowane kantin Sears ka ajiye ta ka ɗauki sabuwa, ba a tambayar ka rasit. Kamfanoni dabam-dabam ne suka ƙera waɗannan kayan a tsawon shekaru, amma wannan bai shafi bakanike ba, tunda ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa. Haka mai injin wanki, akwai motar gyara ta Sears da za ta zo har gida da kayan canji. Ɓoye sunan maƙeri bai zama yaudara ba muddin wanda ya sa nasa sunan yana tsaye a bayan kayan.

Dabarar ta bazu. A Ingila Marks & Spencer ya fito da sunan St Michael a 1928. A Faransa Carrefour ya jera kaya 50 cikin fararen ƙunsa marasa ado a 1976. Kantin Costco ya haɗa kayansa ƙarƙashin sunan Kirkland Signature a 1995, shugaban kamfanin ma ya taɓa faɗa a fili cewa Duracell ke yi musu batir.

Zuwan kwantena da bunƙasar masana'antun Sin su suka juya al'amarin. Dā kanti ke zana abin da yake so ya nemi mai yi. Yanzu masana'anta ce ke ƙera fanka ko caja ko tocila ta ajiye ba suna, tana jiran duk wanda zai iya sayen adadin da ta gindaya, a buga masa tambarinsa a sauya launin kwali. 'Yan kasuwar Kano masu zuwa Guangzhou da Yiwu sun san wannan ciniki ciki da waje. Kaya ɗaya sai ya fito da suna goma, kuma cikin goman da wuya a sami wanda ya gwada shi kafin ya sa sunansa.

A abinci ne illar ta fi fitowa fili. A Janairun 2013 hukumar kula da lafiyar abinci ta Ireland ta gwada nau'i 27 na curin niƙaƙƙen naman da ake sayarwa a matsayin na shanu. Ta sami alamar doki a 10, ta alade a 23, galibi ɗan kaɗan, amma wani mai ɗauke da tambarin kantin Tesco kashi 29 cikin 100 na namansa doki ne. Kanti ya ba masana'anta kwangila, masana'anta ta sayi nama a hannun dillali, dillali ya saya a hannun wani, har aka wayi gari mai suna a kan kwalin bai san abin da ke ciki ba.

Sears kansa bai tsira ba. Bayan haɗewarsa da kantin Kmart a 2005 ƙarƙashin Edward Lampert, kantuna suka tsufa ba gyara, aka mayar da ƙirar yawancin kayan hannu na Craftsman zuwa Sin, tsofaffin masu saye suka fara ƙorafin cewa sabuwar sifanar da ake ba su ba ta kai wadda suka dawo da ita ba. Da bashi ya yi katutu sai aka shiga sayar da sunayen ɗaya bayan ɗaya. A 2017 Stanley Black & Decker ya sayi Craftsman a cinikin da aka ƙiyasta a kan dala miliyan 900, sunan nan da aka saya dala 500. A Oktoban 2018 Sears ya kai kansa kotun fatara, a 2019 aka sayar da DieHard, sunan batirin motarsa, a kan dala miliyan 200.

Sabon mai Craftsman ya yi ƙoƙarin dawo da abin da aka rasa. A 2019 ya ba da sanarwar gina masana'anta a Fort Worth ta jihar Texas, a kan dala miliyan 90, don a koma ƙera sifanonin a Amurka. Injinan da aka girka ba su yi aikin da aka sa rai ba, a 2023 kamfanin ya ce zai rufe ta.