Lissafin Lanƙwasar Sarari da Ɗan Belel

A ranar 29 ga Mayu 1919, Arthur Eddington na jami'ar Kembirij ya kafa na'urarsa a tsibirin Firinsife, a cikin tekun Gini, yana jiran husufin rana. Hotunan da ya ɗauka sun nuna hasken taurari yana karkata idan ya gitta kusa da rana, kamar yadda Einstein ya faɗa a 1915. Shi kuwa Einstein bai kai ga wannan ba sai da ya koyi lissafin lanƙwasassun sarari, wanda masanin lissafi Riemann ya aza harsashinsa tun 1854. A lokacin husufin nan, Yola fadar Lamiɗo ce, Jimeta kuma mashigar jiragen ruwan 'yan kasuwa a bakin Binuwai.

Bayan shekara goma sha biyar aka haifi Iya Abubakar a Belel, cikin ƙasar Adamawa. Ya bi ta kwalejin Barewa da jami'ar Ibadan, ya isa Kembirij ɗin nan, inda ya zurfafa a lissafin yadda girgiza ke ratsa ƙasa. Ya dawo Zariya ya zama farfesan lissafi yana matashi ƙwarai, ya kuma shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1975 zuwa 1978. Abin da ke sosa rai shi ne, duk ilimin nan sai da ya bar gida ya nemo shi.

Sai a 1981 gwamnatin tarayya ta kafa jami'ar fasaha ta Yola. An haɗe ta da ta Maiduguri a 1984, aka raba su a 1988, yau kuma sunan Modibbo Adama take ɗauke da shi. Ɗalibin lissafi daga Jimeta yanzu gadar Binuwai kawai zai haye zuwa Girei, inda jami'ar take.