Godiya ba ta yafe albashi: martani ga Ehrenreich daga kasuwannin Jidda

A ƙarshen shekarar 2015 marigayiya Barbara Ehrenreich ta buga wani sharhi a jaridar New York Times, inda ta yi kaca-kaca da koyarwar godiya da ta zama ruwan dare a Amurka. A ganinta godiyar da ake tallatawa tun bayan binciken Emmons da McCullough (2003) lallashin kai ce kawai: mutum ya lissafa alheran da ya samu, ya ji sanyi a ransa, wanda ya noma abincin da ya ci kuwa ko oho. Ta kawo misalin ma'aikaciyar kantin Walmart da aka ƙara wa dala ɗaya a awa, ta tambaya ko ya kamata ta gode wa masu kantin da dukiyarsu ta fi ƙarfin lissafi. Ra'ayin yana da farin jini, kuma ba wuya a ɗauke shi a ɗora wa Kiristocin da ke ci-rani a Jidda, a ce wa'azin wadar zuci da suke yi wa juna linzami ne da ke sa su haƙura da zalunci. Ina ganin wannan karatun bai yi daidai ba, ko da yake akwai gaskiya a cikinsa fiye da yadda masu wa'azi za su so.

Ƙidayar 2022 ta nuna baƙi sun kai miliyan 13.4 cikin mutum miliyan 32.2 na Saudiyya. Kiristocin da ke cikinsu, daga Filifin, Indiya, Habasha, Eritriya, Labanon da ƙasashenmu, ba su da majami'a ko ɗaya a fili. Bishof ɗin Katolika mai kula da su yana zaune a Bahrain, ibada kuwa a cikin gidaje ake yinta, galibi ranar Juma'a. Kantuna ne a buɗe ga kowa: Red Sea Mall, Mall of Arabia, titin Tahliya, da tsohuwar kasuwar Balad. An shigo da harajin kaya na kashi 5 cikin ɗari a 2018, aka mai da shi 15 a Yulin 2020, sannan manhajojin Tamara da Tabby suka zo da ɗauki yanzu ka biya kaɗan-kaɗan.

Hujjar Ehrenreich mafi ƙarfi a Jiddan take. A 2016 dubban ma'aikatan kamfanonin Saudi Binladin da Saudi Oger sun yi watanni babu albashi, har ofishin jakadancin Indiya da ke birnin ya riƙa raba wa 'yan ƙasarsa abinci. Gyaran da aka yi wa tsarin kafala a Maris 2021 bai shafi masu aikin gida ba. Duk wanda ya tsaya gaban mutumin da ke bin albashin wata shida ya ce masa ya ƙirga ni'imomin Allah, ya taimaki wanda ya danne kuɗin, ko bai nufa ba. Kuma mai adawa yana da nassin da zai nuna. Sura ta 6 ta wasiƙar farko zuwa ga Timoti, wadda ita ce madogarar koyarwar wadar zuci, ta buɗe ne da umartar bayi su girmama iyayengijinsu, kuma masu bayi a Amurka sun sha kafa hujja da irin waɗannan ayoyi. Ba a share wannan da hannu ɗaya.

Sai dai a duba wanda ake yi wa magana a sauran surar. Gargaɗin ya faɗa kan masu mai da addini hanyar neman riba, da masu hanƙoron yin arziki, ya ƙare da umarni ga mawadata su saki hannu. Haka ma a Luka 3:14, sojojin da aka ce su wadatu da ladansu mutane ne masu makami da ke ƙwace wa talakawa. Umarnin kariya ce ga wanda ake ƙwacewa. Bulus da ya rubuta wa Filibiyawa daga kurkuku cewa ya koyi zama da yunwa da ƙoshi, shi ne dai mutumin da ya ƙi fita daga kurkukun Filibi a ɓoye, ya ce sai mahukuntan da suka sa aka doke shi ba tare da shari'a ba sun zo da ƙafarsu sun fitar da shi (Ayyukan Manzanni 16). Yaƙub 5:4 ya ɗauki ladan da aka hana ma'aikaci a matsayin ƙara da ta isa gaban Allah, Maimaitawar Shari'a 24 kuma ta sa baƙo cikin waɗanda dole a biya kafin rana ta faɗi. Wannan jijiyar ce Fafaroma Leo na 13 ya bi a Rerum Novarum (1891). Abin da nake gani a nassoshin, wadar zuci takunkumi ce ga sha'awa, ba ta taɓa haƙƙi. Godiyar kuma sama take fuskanta. Ehrenreich ta ɗauka godiyar da ake tallatawa tana ƙarewa ne ko dai a cikin zuciyar mai yinta ko a hannun maigida, alhali wanda ya yi imani cewa numfashinsa da ƙarfin damtsensa kyautar Allah ne yana da dalilin ƙin ɗaukar albashinsa a matsayin alfarmar kafili.

A nan dole in taƙaita iƙirarina. Bai shafi 'yar aikin da aka karɓe wa fasfo aka kulle a gida ba. Ita lauya da ofishin jakadanci take buƙata kafin wa'azi. Maganata a kan wanda kuɗinsa ke shigowa hannunsa ne, domin a wurinsa ne al'adar saye-saye ke yin aikinta, ta wata hanya da sharhin Ehrenreich bai hango ba.

Campbell (1987) ya koya mana cewa mai saye na zamani mafarkin kansa yake bi. Ɗan ci-rani a Jidda sau da yawa mafarkin wasu yake biya. A shiga Balad da yammacin Juma'a a ga 'yar Filifin tana haɗa kwalin da suke kira balikbayan: sabulu, man goge baki, cakulan, gwangwanin nama, takalman yara da aka aiko da awon ƙafarsu ta waya. Wata da watanni take tara su a ƙarƙashin gado, ranar da kwalin ya cika a naɗe shi da salatif, a rubuta suna a kowane gefe, a ba kamfanin jigila ya bi teku. Dokar kwastan ta Filifin ta 2016 ta yafe haraji kan irin wannan kaya har na feso 150,000. Bahaushe bai buƙatar a fassara masa wannan. Ya san jerin tsarabar da ake damƙa wa alhaji, ya san yadda ake zazzage jaka a gaban sikeli a filin jirgin Jidda, ya kuma san surutun da ke jiran 'yar takarin da ta dawo ba zinari. Mafi yawan Hausawan Jidda Musulmi ne, amma nauyin iri ɗaya ne, kuma kunya ce ke ɗora shi fiye da kwaɗayi.

Ga mutumin da ke cikin wannan hali, koyarwar da ta ce darajarsa ba ta rataya ga girman kwalinsa ba, tana iya zama abin da zai bar masa ajiya a ƙarshen kwantiragi. Ba na cewa kowane taron addu'a na cikin gida haka yake koyarwa. Wa'azin arziki, wanda Gifford (2004) ya bayyana a Gana, yana bin mutane duk inda suka je, kuma shi da kanti bakinsu ɗaya: sabuwar waya shaida ce ta albarka. Idan akwai koyarwar Kirista da ta cancanci bulalar Ehrenreich, wannan ce, domin tana sa wanda ba a biya ba ya zargi raunin bangaskiyarsa, ya ƙyale maigidan.

Saura kira ga fastocinmu na ECWA da COCIN da Angilikan, daga Wusasa har Jos, waɗanda ke yi wa masu tafiya ci-rani addu'ar sallama. Ku karanta wa mai tafiya Yaƙub sura ta 5, ya san albashinsa haƙƙinsa ne kuma neman sa ba rashin godiya ba ne. Filibiyawa sura ta 4 kuwa ku ajiye wa dangin da za su zauna a gida suna rubuta jerin tsaraba.